Injin da ke tauna taura biyu

Akwai wani gwangwanin madara a ƙarƙashin teburin aikina a Dilimi, cikin garin Jos, cike da ƴan ƙarafan alminiyam guda 41. Kowanne bai wuce girman kwalin ashana ba, da ramuka huɗu, biyu daga ciki da tiredi na ɗaure bol. Ni na yi su da hannuna, kuma dawo mini da su aka yi.

Wani Alhaji mai haɗa injinan ban ruwa, waɗanda manoman dankali na Bokkos da Mangu ke saya, shi ya kawo mini aikin bara da sanyi. Guda 2,000 yake so. Da na auna lokaci, kowane ɗaya yana cin minti 12 tsakanin sassaƙa da huda da yin tiredi. Awa 400 ke nan, kwana 50 in ana awa takwas kullum, in kuma wuta ta zauna. Na kai masa ɗari uku na farko. Bayan mako guda ya zo da kansa, ya ajiye leda a gabana, ya ce, "Malam, aikinka da kyau, amma ba su yi kai ɗaya ba. Wani ya zauna daram, wani sai yarana sun bi shi da zarto." Bai ɗaga murya ba. Sauran aikin ya ba wani mai shigo da kaya daga waje.

Abin ya tsaya mini a rai, domin shekara ashirin da biyu ina wannan sana'a ta sassaƙa ƙarfe. Ka kawo mini ƙarfe ɗaya da ya karye, in Allah ya yarda zan fitar maka da irinsa. Amma a ce na dubu biyu ya zama tagwayen na farko, a nan hannu ke gazawa. Ido yana gajiya, bakin mahudi yana dakushewa, kai ma da yamma ba kai ne na safe ba.

Ɗan ƴar'uwata da ke karatun injiniya ne ya same ni ina juya ƙarafan nan. Ya zaro waya ya ce, "Kawu, zo ka ga yadda ake yin irin wannan a Jamus." Na kalli hoton bidiyon ya fi sau goma a daren.

Inji ne rufaffe kamar ɗan ɗaki, da tagar gilashi, kwamfuta ke tuƙa shi. Abin da ke riƙe wuƙa yana juyawa, Turawa da sunan mazari suke kiransa, irin wanda kakata ke kaɗin auduga da shi. To wannan mazari biyu gare shi, kafaɗa da kafaɗa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta canzawa. Ana ɗaure ƙarfe biyu a ƙasa, umarni ɗaya kwamfuta ke bayarwa, su biyun su sauko tare, su huda tare, su ɗaga tare. In lokacin sauya wuƙa ya yi, cikin ƴan daƙiƙoƙi injin ya ajiye biyu ya ɗauki biyu daga rumbunsa. Ruwan sanyaya ƙarfe, fari kamar nono, yana ta feshi yana wanke ɓarɓashi. Wasu ma teburi biyu gare su: ana aiki a kan ɗaya, ma'aikaci yana kwance waɗanda aka gama yana ɗaura sababbi a ɗayan, don kada mazarin ya tsaya jira. Mu mun taso ana ce mana taura biyu ba ta taunuwa, ga shi wannan yana tauna su a baki ɗaya.

Kamfanin Chiron ne ya ƙera wanda na gani, a garin Tuttlingen, garin da ya yi suna wajen ƙera kayan tiyata. Akwai kuma SW, su ma a kudancin Jamus, waɗanda har mai mazari huɗu suke yi. Masu sayensu su ne masu yin ƙananan kayan mota, kamar na birki da na famfon mai, inda ake buƙatar abu ɗaya sau dubu ɗaruruwa. Lissafinsu a fili yake: kusan ninki biyu na kaya, a wurin da bai kai na inji biyu ba, da ma'aikaci ɗaya.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne maganar awo. Su da maikuron suke lissafi, wato milimita ɗaya a raba ta gida dubu. Kaurin gashin kai wajen maikuron 70 ne. Alminiyam kuwa yana miƙewa da zafi, kusan maikuron 23 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Yaron ya buga mini lissafin a bayan takardar siminti: ƙarfe mai tsawon santimita 10, in zafi ya ƙaru da digiri 10, ya ƙara maikuron 23. Duk wanda ya san Jos a watan Janairu ya san hannu ba ya iya riƙe ƙarfe da asuba, da azahar kuma rufin kwano ya ɗau zafi. Ashe abin da na auna da safe da wanda na auna da rana ba a ma'auni ɗaya suke ba. Shi ya sa duniya ta tsayar da digiri 20 a matsayin zafin da ake awo a kansa. Ban ce wannan kaɗai ya ɓata mini aiki ba, akwai dakushewar mahudi da girgizar tsohon injina, amma ban taɓa sa shi cikin lissafi ba.

Yaron ya ɗauki zafi, yana cewa mu nemi bashi mu sayo ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne. Na ce masa ya zauna. Inji mai mazari biyu, in ya yi daidai ya yi sau biyu, in ya kuskure ma sau biyu ne. In wuƙar hagu ta fi ta dama tsawo da ɗan kaɗan, rabin kayan ranar sun tafi bola. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar yanka, wuƙa biyu da ƙarfe biyu ne cikin haɗari. Yana son iska mai matsi, busasshiya, da wutar da ba ta rawa, da mai gyara da ya san shi. Sannan babban abu, yana son ciniki mai yawa kuma mai ɗorewa. Guda 2,000 na Alhaji da suka gagare ni, shi cikin ƴan kwanaki zai lashe su, ya zauna yana jiran wani aikin, bashi kuma ba ya jira. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Amma ban yarda a ce abin ba namu ba ne. Garin nan a kan ƙarfe ya tashi, tun zamanin haƙar kuza. Hedikwatar ITF, hukumar da aka kafa a 1971 don horar da ma'aikatan masana'antu, a nan Jos take. A Osogbo an kafa kamfanin ƙera injinan sassaƙa ƙarfe tun 1980. Ka zaga Dilimi da Farin Gada ka ƙirga bushin, wato zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa, da ƴan ƙarafan Keke Napep da na babur da na injin niƙa da ake saya kullum, kusan duk daga jirgin ruwa suka sauko. Da masu haɗa injina goma za su haɗa odarsu wuri ɗaya, su amince da awo ɗaya, da inji ɗaya irin wannan ya sami abin ci duk shekara. Wannan ita ce maganar da nake kaiwa taron ƙungiyarmu yanzu, ko da yake har yau ana sauraro ne kawai.

Ni dai na fara daga inda hannuna ya kai. Na sayi maikuromita sabuwa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe mai kama ɗan bambanci, na rataya ma'aunin zafi a bango, awo mai muhimmanci kuma sai da hantsi nake yinsa, bayan ƙarfen ya huce. Na ƙera wani maɗauri da ke riƙe ƙarfe biyu a jere, da ramukan jagora na ƙarfe mai tauri, yadda mahudi ba zai kauce ba. Na gwada guda 50 da shi, biyu ne suka fita daga awo. Ɗan ƴar'uwata yana koyon rubuta umarnin injin a kwamfutarsa, duk Asabar yana zuwa ya nuna mini, ni kuma ina nuna masa yadda ake gane wuƙa ta dakushe daga jin ƙararta. Ranar Litinin zan ɗauki goma daga cikin sababbin in kai wa Alhaji ya gwada.