Shekara biyu ina karɓar kuɗin ruwa a layinmu

Ni dai da na san haka abin yake wallahi da ban karɓi muƙamin ma'ajin ƙungiyar masu ban ruwa ta layin kanal ɗinmu ba. A yankin Kura muke noman rani, ruwan dam ɗin Tiga muke sha, wanda aka gama tun 1974, shi ke biyo kanal ya ratsa Bunkure da Kura da Garun Malam. Kowace kaka akwai kuɗin ruwa da ake yanka wa kowace eka, aikina in bi mutane da littafin rasit.

Ranar farko na fara da wani dattijo, sa'an babana ne, na durƙusa na gaishe shi na ce Baba kuɗin ruwa ne ya kawo ni, ya dube ni ya ce ɗana, yaushe gwamnati ta fara yin ruwa? Kuma fa bai yi ƙarya duka ba, don daga baya wani malamin gona ya nuna min cewa dokar ruwa ta 1993 ta yarda mutum ya ɗebi na sha da na dabbobi kyauta ba sai da lasisi ba. Amma na kanal daban, ba ruwan kake saya ba, yashe hanya kake biya da gyaran ƙofofi da cire kachala, wannan ciyawar in ka bar ta sai ta shaƙe kanal ɗin gaba ɗaya.

Inda rigimar take shi ne wa zai biya. Rabin gonakin layinmu haya ne, mai gona yana cikin birni ya karɓe kuɗinsa tun kafin a zuba iri, in na kira shi ya ce ai wanda ya sha ruwa shi zai biya, ɗan haya kuma ya ce ai don ruwan aka tsuga masa kuɗin haya, da gonar tudu ce ko rabin haka ba zai bayar ba. Ni a ganina ɗan haya ya fi gaskiya, kanal ne ya ɗaga darajar gonar, kuma in tumatir ya faɗi a kasuwar Kwanar Gafan kwando ya koma ba a bakin komai ba mai gona ko a jikinsa.

Sai na ƙarshen layi. Akwai wani yaro da gonarsa take can wutsiya, ruwa ba ya isa gare shi sai tsakar dare in na sama sun ƙoshi, na taɓa samunsa ƙarfe biyu da tocila a baki yana kwashe buhunan ƙasa da wani ya tare hanya da su, ga shi yana sayen fetur yana jan ruwa da inji, amma kuɗinsa ɗaya da na bakin ƙofa. Kunyar miƙa masa rasit nake ji.

A shekara ta biyu muka zauna muka ce duk mai ba da haya a cire kuɗin ruwa daga hannunsa ranar ciniki a gaban shaidu, na wutsiya kuma ƙungiya ta ɗauke musu rabi, sannan karɓa sai bayan girbi, don na gane tambayar manomi kuɗi lokacin sayen taki ɓata baki ne kawai. Masu gona biyu sun daina amsa wayata har yau. Baba kuwa ya biya, da shinkafa kwano shida, ya ce in rubuta a rasit cewa na kachala ne ba na ruwa ba, haka na rubuta.