Asfirin da dattijon da ban yi wa tambaya ba

A shekarata ta farko a kantin magani, ƙaramin asfirin ɗin nan mai miligiram 75 kamar alawa na ɗauke shi. Duk wanda ya haura hamsin ya ce yana da hawan jini, sai in miƙa masa. A makaranta mun haddace binciken ISIS-2 na 1988: mutum fiye da 17,000 da jini ya toshe musu jijiyar zuciya, asfirin ya rage mutuwarsu da kusan kashi 23 cikin ɗari a makonni biyar. To wa zai ja da wannan?

Wani dattijo ne ya dawo da ni hayyacina. Bayan wata biyu da ba shi asfirin ɗin, ɗansa ya riƙo shi, tafin hannunsa fari fat. "Malam, bayan gidan Baba ya koma baƙi wuluk, kamar kwalta." Ashe yana da gyambon ciki tun tuni, ga diclofenac da yake sha saboda gwiwa. Ni kuwa ban tambaya ba. Sai da aka ƙara masa jini leda biyu a asibiti.

Daren nan na koma karatu. Asfirin yana kashe wa ƙwayoyin da ke daskarar da jini ƙarfin mannewa, kuma wadda ya taɓa ba ta farfaɗowa, sai jiki ya ƙera sabbi, kwana bakwai zuwa goma. Abin da ke hana gudan jini toshe jijiya, shi ne dai ke hana jinin gyambon ciki tsayawa.

Mutanen ISIS-2 ciwon zuciyar ya riga ya same su. Baba kuwa bai taɓa yi ba. Nan na yi tuntuɓe. A 2018 binciken ASPREE ya bi tsofaffi masu lafiya sama da 19,000 a Ostareliya da Amurka: asfirin bai ƙara musu shekarun ƙoshin lafiya ba, sai zubar jini da ya ƙaru. ASCEND kuma, a kan masu ciwon suga 15,480 a Birtaniya, ya nuna matsalolin zuciya da jijiyoyi sun sauka daga kashi 9.6 zuwa 8.5, mummunar zubar jini ta hau daga 3.2 zuwa 4.1. An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Wanda aka sa wa ɗan ƙarfen buɗe hanya a jijiyar zuciya, likita ya haɗa masa asfirin da clopidogrel, wani maganin hana jini daskarewa, idan ya daina da kansa wasa yake da ransa. Irinsu har faɗa nake musu.

Mai shanyewar ɓarin jiki kuma ba na ba shi komai sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce, ba toshewa ba.

Baba yana nan da ransa. Duk wata yana zuwa karɓar maganin hawan jini, in auna shi, ya zolaye ni: "Yau ba za ka tambayi launin bayan gidan ba?"