Yadda na koyi karanta tsohuwar ƙararrawar doki

Cikin kayan da masu na'urar neman ƙarfe ke tonowa a gonaki, kaɗan ne ke ruɗa mai tantancewa kamar ƙararrawar kayan doki, 'yar dunƙulalliya mai tsaga a gindi da ɗan ƙarfe a ciki. A ido duk kamarsu ɗaya, alhali tsakanin wata da wata ana iya samun shekara ɗari biyar.

Da na fara wannan aiki, abin da aka fara cusa mini shi ne in kawar da ido daga ado, in dubi ƙira. Adon ganye ko na hasken rana da ake zanawa a rabinta na ƙasa ya daɗe ana maimaita shi, maƙeri ya gada daga maƙeri, don haka ba ya faɗin shekaru. Ƙira kuwa ba ta ƙarya. A Ingila, da yawa daga cikin na farko-farko, irin na ƙarni na 13 da na 14, da fallen tagulla aka buga su, rabi biyu aka liƙa, kunnen ratayewa kuma siririn ƙarfe ne da aka lanƙwasa. Ba su da nauyi, kuma sau da yawa a lotse ake samunsu. Daga baya aka koma zubi. A nan sai ka ji nauyi a tafin hannu, ka ga wani ɗan tudu ya zagaye cikinta kamar ɗamara, kunnen kuma jiki ɗaya ne da ita. Ramuka biyu da ke saman ba ado ba ne: da su ake riƙe dunƙulen yashin da ake sa wa a tsakiya lokacin zubi, ɗan ƙarfen na cikin yashin, in tagulla ta huce a kakkaɓe yashi ya fita, ƙarfen ya rage a ciki. Wallahi ranar da na gane wannan dabara, na ƙara ganin girman mutanen da suka yi ta.

Tambarin maƙeri na taimakawa, amma da hankali. Haruffan RW kusa da tsagar yawanci na gidan Robert Wells ne a Aldbourne, yankin Wiltshire, kuma gidan ya yi aiki tun wajajen 1760 har cikin shekarun 1820. Ke nan tambarin ya ba ka gida, bai ba ka shekara ba. Lambar da ake gani a jiki kuma ta girma ce, ba ta shekarar ƙira ba, ko da yake masu kawo kaya kan so ta zama hakan.

A Amurka labarin garin East Hampton ne, a jihar Connecticut, inda William Barton ya fara ƙera ƙararrawa a 1808, 'yan gidan Bevin suka buɗe masana'antarsu a 1832. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, inji ke buga su daga falle. Shi ya sa rashin nauyi kaɗai ba ya nufin tsufa. Sai an duba haɗin da yadda aka kafa ta a jikin fatar kayan doki.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne a kawo ƙararrawa an goge ta tana ƙyalli. Wannan koren da ƙasa ta shafa mata kariya ce, kuma ƙarƙashinsa tambari ke kwance. Ruwan tsami da burushin waya sukan tafi da duka biyun. Buroshi mai laushi ya isa. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne kore mai haske da ke zubowa kamar gari, don alama ce gishiri na cin tagullar, sai a keɓe ta a wuri busasshe. In ba ta kaɗawa, kada a tura waya a tsagar: ɗan ƙarfen ne ya yi tsatsa ya manne, ko ya narke gaba ɗaya.

Sannan a rubuta inda aka same ta tun a ranar. A Ingila da Wales, shirin Portable Antiquities Scheme, mai rajistar kayan tarihi da jama'a ke tsinta, na karɓar irin wannan bayani tun 1997, kuma da shi ake gane ko gefen tsohuwar hanyar keken doki ta faɗi ko a tsakiyar gona.