Alƙawarin da na yi wa Iya

Jiya Oga, lauyar da na yi horon aikin lauya a ofishinta a Kano, ta sa min hannu a littafin horo, wata uku sun cika, na tattara takarduna na bar ofishin. Ɗaliban da za su zo bayana suna ta tambayata a WhatsApp me za su tarar. Zaman benci da jiran alƙali kowa zai gani da idonsa. Ni abu ɗaya ne ya tsaya min a rai.

A satina na biyu wata dattijuwa ta zo daga Kurna. Ɗanta na fari ne a hannu, don haka ko sau ɗaya ba ta kama sunansa ba, "yaron nan" kawai take cewa, sai ƙanwarsa ce ta faɗa min. An kama shi kan zargin ƙwacen waya, ya doshi wata biyar a gidan gyaran hali na Kurmawa yana jiran shari'a. Ranar Oga tana kotu a Nomansland, ni kaɗai ce a teburin karɓar koke. Tsohuwar nan ta ce min "Barista", ni da ko aji huɗu ban gama ba. Maimakon in gyara mata, sai kaina ya kumbura.

Na jawo Kundin Tsarin Mulki na 1999, na buɗe sashe na 35 ina fassara mata. Wanda aka kama a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Wanda yake tsare kuma har wata biyu ba a yi masa shari'a ba, a sake shi, da sharaɗi ko ba sharaɗi. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai na ƙara da nawa: "Iya, ki kwantar da hankalinki, da shi za ku yi Sallah." Ko in sha Allahu ban ce ba.

Washegari Oga ta ɗauki takardar tuhumar da ban ko buɗe ba. An rubuta cewa da wuƙa aka yi ƙwacen, wato fashi da makami kenan, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa. Kotun majistare ba ta da hurumin sauraronsa, iyakarta ta tura mutum gidan gyaran hali a jira shawarar lauyoyin gwamnati, sannan a nufi babbar kotu. Ƙaramin sashe na 7 kuma, 'yan layuka ƙasa da inda na tsaya da karatu, ya cire masu irin wannan tuhuma daga ƙa'idar wata biyun da na yi ta tinƙaho da ita.

A gaban direba da sauran ɗalibai ta wanke ni tas. "Ke wa ya aike ki yin alƙawari da sunan ofishina?" Gaskiyarta ce, ban musa ba. Amma har yau ban ji wanda ya tambayi dalilin barin 'yar sati biyu ita kaɗai a kan teburin ba.

Ta ce ni na ɗaura, ni zan kwance. Na hau adaidaita sahu har Kurna. Na tarar Iya ta riga ta sayo shadda a Kwari ta kai wa tela. Na yi bayani ina in'ina, ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Ba komai 'yar nan, Allah bai yi ba." Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Tun daga ranar ba ta sake ce min Barista ba.

Ku ɗaliban da za ku zo bayana, sauran abubuwan da zan faɗa muku ba su da yawa. Ku karanta fayil kafin ku buɗe doka. Kada ku ɗauki hoton mai koke don Facebook, ko da ya ce ya yarda. Ku riƙe kuɗin motarku, kada ku dogara da alawus. Magatakardan kotu kuwa ku gaishe shi kamar yadda kuke gaida babanku, shi ya san inda kowace takarda take kwana.

Takardar neman belin da aka shigar a babbar kotu makon jiya ni na tsara ta, dare uku ina kanta, kuma waƙafi biyu kawai Oga ta gyara. Sunana ba ya ciki, ɗaliba ba ta sa hannu. An sa ranar saurare bayan mun koma makaranta. Na duba, ina da lacca ranar da safe, amma zan je in zauna a bencin baya kusa da Iya. Shaddar tana nan a ninke cikin akwatinta, ƙanwarsa ce ta gaya min.