Abin da ya sa Baba ya daina tambaya "Me ya ce?"

Baba ne ya fara nuna mana akwai matsala. Duk sanda aka zauna kallon labarai da daddare, sai ya juyo ya ce mini, "Me ya ce?" In ƙara sauti, can an jima ya sake tambaya, in sake ƙarawa. Kafin a ankara falo ya cika da hayaniya, yara na toshe kunne, shi kuwa maganar ba ta fito masa sarai ba. Na daɗe ina ɗauka shekaru ne kawai suka taɓa jinsa. Sai wata rana na ga ya saurari labarai a tsohon rediyonsa daga farko har ƙarshe bai tambayi kowa komai ba. Nan na gane talabijin ɗin ma yana da nasa laifin.

Talabijin na yanzu siriri ne kamar allo, ba shi da cikin da zai ɗauki lasifika mai jiki. Shi ya sa ake cusa masa ƙanana guda biyu, galibi masu wat goma-goma, suna kallon ƙasa ko baya. Sai sautin ya daki tebur ko bango kafin ya iso kunne. Abin da ke fara dusashewa a hanya kuwa shi ne siraran sautuka irin na s da f da t, waɗanda da su ake bambance wannan kalma da waccan, kuma su ne kunnen mai shekaru ke fara rasawa. In ka ƙara sauti, dusasshiyar muryar ce dai ka ɗaga.

Da na tashi sayen lasifika, raina ya fara kwantawa da manyan saitin nan da ake rubuta wa 5.1. Lambar farko adadin lasifikoki ne: hagu, dama, tsakiya, da biyu a bayan masu kallo. Ɗayan da ke bayan ɗigo kuma wufa ce, akwatin da ke fitar da rugugi mai girgiza ƙirji. Maman yara ce ta dawo da ni hanya. Ta ce, "Baban yara, ta ina wayoyin nan za su bi? Ga yaro na rarrafe." Sannan ta ce in lissafa abin da muke kallo a mako. Labarai, wasan kwaikwayo, hira da baƙi, zanen yara, ƙwallo ranar hutu. Kusan duka magana ce. Fim mai fashe-fashe bai fi sau ɗaya ko biyu a wata ba. Ashe kuɗin da zan zuba, rabinsa na lasifikokin da za su yini shiru ne.

Daga nan na koma neman abin da zai fito da murya. Hanya biyu ce mai sauƙin kuɗi. Akwai doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a gaban talabijin, wadda ake kira saunba, akwai kuma ƙananan lasifikoki biyu masu amfilifaya a jikinsu, ɗaya hagu ɗaya dama. Gaskiya biyun nan sun fi daɗin kiɗa, don akwatinsu ya fi girma kuma ana iya raba su nesa da juna. Amma suna son wuri, kuma da yawansu ba sa bin rimot ɗin talabijin. A gidan da tsoho da yara ke riƙe rimot, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

A nan ne maganar waya ta shigo, kuma ita na fi so mai saye ya duba tun kafin ya fita daga gida. Leƙa bayan talabijin ɗinka. Idan ɗaya daga ramukan HDMI an rubuta masa ARC, ka dace. Tun 2009 aka shigo da wannan tsari, kuma yana mayar da sauti daga talabijin zuwa lasifika ta waya ɗaya tak, ya bar rimot guda na ƙara sauti da ragewa, talabijin da lasifikar kuma su kunnu tare su mutu tare. In babu ARC, nemi ramin oftikal, mai tura sauti da haske. Sautinsa tsaf yake, sai dai sau da yawa za ka riƙe rimot biyu. Bluetooth kuwa na bar shi don waƙa daga wayar hannu, domin yakan yi ɗan jinkiri, ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso. Dolby Atmos da ake ta talla da shi, wato tsarin da ke sa ka ji kamar sauti na kewaye ka har ta sama, ban ƙara ko sisi dominsa ba. A ƙaramin saunba mai araha ba lallai ka ji bambancin ba.

Wat ɗin da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikin kwali shi ya fi ɓata mini rai. Lambar da aka biyo da PMPO, wato ƙololuwar ƙarfi na ƙiftawar ido, ba ta gaya maka komai, ta RMS, wato ƙarfin da lasifika ke iya ɗorewa a kai, ita ce ke kusa da gaskiya. Ko ita ma kada ta ruɗe ka: in ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, sai ka ninka shi kusan sau goma kafin kunne ya ji ƙarar ta ninku. Falon iyali ba ya buƙatar ɗaruruwan wat.

Ranar saye da Baba na tafi. Mai sayarwa ya kunna waƙa mai ganga ya ƙure sauti, na roƙe shi ya kashe. Na haɗa wayata, na sa labaran da na adana, na rage sautin ƙasa-ƙasa kamar yadda za mu saurara in yara sun yi barci. Muka gwada saunba guda huɗu. Biyu da suka fi rugugi su ne suka fi haɗiye magana. A na ukun Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Wannan kam ina jinsa." Shi muka ɗauka: yana da lasifikar tsakiya da aka ware wa murya, da maɓallin ƙara fito da magana, da saitin dare mai danne ƙarar fashewa ya ɗaga raɗa. Ba shi da wufa, kuma ban yi kewarta ba, tunda rugugi ne ke ratsa bango ya tashi mai barci ko ya dami maƙwabci.

Daren farko saunban bai yi ko tari ba. Ashe na sa wayar a ramin da ba na ARC ba, sannan ban kunna CEC, wato tsarin da ke sa talabijin da lasifika su bi rimot guda, a saitin talabijin ba. Kowane kamfani da sunan da yake kiransa: Samsung na cewa Anynet+, LG na cewa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. In an yi duk wannan sauti ya ƙi fita, a shiga saitin talabijin a mayar da tsarin fitar sauti zuwa zaɓin da aka rubuta wa PCM, sau da yawa shi ke nan. Na kuma jawo shi bakin tebur maimakon cikin kabad, na tabbatar bai tare idon rimot ba.

Duk da haka na kai Baba aka duba kunnensa, don lasifika ba magani ba ce. Yanzu dai a 17 muke barin sauti, inda da sai mun haura 40. Jiya ina ɗaki na jiyo shi yana maimaita wa maman yara abin da aka faɗa a labarai.