Rabin Na'urar Yana Waje: Abin da Aikin Dashen Kunne Ya Koya Mini a Jidda

Duk wanda zai ƙera na'urar da za a dasa a jikin mutum domin ta riƙa tsikarar jijiya da lantarki, tambayar farko da ke tare masa hanya ita ce inda wutar za ta fito. Idan ya sa batir a ciki, ranar da batirin ya ƙare sai an sake yi wa mutum tiyata. Idan kuma ya bar waya ta huda fata ta fito waje, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofar da ba ta rufuwa. Hanya ta uku ita ce a tura wutar ta ratsa fata ba tare da an huda ta ba, kuma ita na karanta a jami'a, a kanta nake aiki yanzu a sashen dashen na'urar ji na wani asibiti a nan Jidda.

Tushen abin tsoho ne. Tun 1831 Michael Faraday ya nuna cewa idan lantarki yana sauyawa a cikin naɗin waya, yana haifar da lantarki a wani naɗin da ke kusa da shi ko da ba su taɓa juna ba. A 1957, a birnin Paris, André Djourno da Charles Eyriès suka dasa irin wannan naɗin a jikin wani kurma, suka tsikari jijiyar jinsa daga waje. Shekara guda bayan haka, a Stockholm, likita Åke Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar daidaita bugun zuciya ta farko da ta zauna gaba ɗaya a cikin jiki, wadda injiniya Rune Elmqvist ya ƙera, kuma batirinta ta cikin fata ake yi masa caji. Amma daga baya hanyoyin biyu suka rabu. Masu aikin zuciya sun koma ga batirin lithiyam a shekarun 1970, wanda ke yin shekaru masu yawa a rufe, alhali na'urar kunne har yau daga waje take shan wuta.

A aji an ba mu dalili ɗaya, wato yawan wutar da kowace ke ci: zuciya tana bukatar tsikara ɗaya a kowane bugu, kunne kuwa yana bukatar dubbai a cikin daƙiƙa guda, a rarrabe kan ƙananan bakunan ƙarfe 12 zuwa 22 da ake zurawa cikin katantanwar kunne. Wannan gaskiya ne, sai dai aiki ya nuna mini dalili na biyu da ya fi shi nauyi, wato abin da zai faru idan wutar ta yanke. Yaron da faifan kansa, wato naɗin wayar waje da ke manne a gefen kai yana tura wa na ciki wuta da sauti, ya faɗi yana wasa zai shiga shiru ne kawai har a mayar masa da shi, amma wanda zuciyarsa ta dogara da tsikarar ba za a bar ransa a hannun mantuwa ko barci ba. Saboda haka duk sa'ad da na ji ana yabon wata sabuwar na'ura da cewa ba ta da batir, sai in fara tambayar wa aka ɗora wa nauyin ciyar da ita.

A ɗakin gwaji, tazarar da ke tsakanin naɗin waje da na ciki lamba ce da muke rubutawa a takarda, ba ta motsi. A asibiti kuwa tazarar nan fatar mutum ce da gashinsa, kuma babu kai biyu da suka zo ɗaya. Maganaɗisu biyu ne ke riƙe faifan waje daidai saitin na ciki, kuma ana zaɓen ƙarfin na wajen mataki-mataki. Idan ya yi rauni faifan ya riƙa faɗuwa, sauti ya riƙa yankewa. Idan ya yi ƙarfi ya matse fata duk yini har jini ya kasa gudana a wurin. Wata rana wata dattijuwa daga cikin Hausawan Makka ta kawo jikarta tana cewa, "Ɗana, abin nan lafiya lau yake, ko sau ɗaya bai faɗi ba." Da na ɗaga faifan na ware gashin yarinyar, sai ga da'ira ja jawur, fatar ta ɗan lotsa daidai girman maganaɗisun. Rashin faɗuwar da take murna da shi shi ne alamar matsalar, domin ban da ƙarfin maganaɗisun, suna ƙara ɗaure shi tamau da kallabi don tsoron kada ya ɓace a makaranta. Muka rage ƙarfin mataki ɗaya, likita ya ce a hutar da wurin, na kuma nuna mata yadda za ta duba fatar kowane dare. Kitso ma yana shiga lissafin, don kuwa idan layinsa ya bi ta kan wurin dashen ya ƙara tazara, batirin waje ya riƙa ƙarewa da wuri, iyaye su zo suna zargin batirin alhali ba shi da laifi.

Wutar da ba ta isa inda aka aike ta ba, zafi take komawa, kuma nama ba ya jure zafi mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta na'urorin dashe ba ta yarda bayan na'ura ya wuce zafin jiki da fiye da digiri 2 ba, don haka ba a magance raunin haɗi ta hanyar ƙara wuta kawai. Haka ita ma tsikarar, dole kowace ta tafi ta dawo da adadin lantarki daidai wa daida, in ba haka ba saurar da ta taru a bakin ƙarfen filatinum za ta cutar da jijiyar da aka zo taimako.

Abin da ya fi cin lokacina, duk da haka, ba ya cikin kai ko kaɗan. Ɓangaren ciki an rufe shi ruf, an yi shi ne ya yi shekaru da dama. Na wajen ne ke fama da gumi da damshin Jidda, wanda duk mazaunin bakin Bahar Maliya ya san yadda yake cin ƙarfe. Siririyar wayar da ke haɗa faifai da na'urar bayan kunne ita ce ta fi saurin lalacewa, kuma iyalin da ke kwantar da na'urar a akwatin busarwa kowane dare ba kasafai muke ganinsu da ƙorafi ba. Matsalar tana tsananta ga waɗanda ba a nan za su zauna ba. Akwai masu komawa Kano ko Damagaram, akwai kuma Hausawan Sudan waɗanda yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya raba su da asibitocinsu. Ga irin waɗannan, waya guda da ta tsinke tana iya mayar da yaro kurma na tsawon watanni, a daidai shekarun da harshensa ke kamawa, alhali abin da ke cikin kansa ƙalau yake.

Har kamfanin kansa wani ɓangare ne na rabin nan na waje. Na'urar ido ta Argus II, mai bakunan ƙarfe 60 da ke karɓar wuta da hoto daga tabarau, an dasa wa mutane fiye da 350 a duniya, har da wasu a Riyadh, sannan kamfanin Second Sight ya daina ƙera ta a 2019, masu ita suka rasa inda za su kai ta gyara. A ganina wannan ya isa ya sa hukumomi su riƙa neman tabbacin kayan gyara na dogon lokaci kafin su amince da kowace na'urar dashe.

Ina bin sabon bincike da sha'awa. A Berkeley, a 2016, an gwada ƙananan ƙwayoyi masu karɓar ƙarfi daga irin sautin da ake hoton ciki da shi, wanda ke ratsa nama fiye da naɗin waya, kuma a 2021 ƙungiyar John Rogers a jami'ar Northwestern ta nuna na'urar zuciya ta wucin gadi marar batir, wadda ke narkewa a jiki bayan ta gama aiki. Ita ta biyun ta fi burge ni, domin majinyacin yana gadon asibiti ne a kwanakin da ake bukatarta, nauyin ciyar da ita yana kan ma'aikata. A sashenmu kuwa na roƙi a riƙa haɗa ni da iyalan da ke jin Hausa tun kafin a sa ranar tiyata, in tambaye su inda za su zauna bayan shekara biyar, da ko akwai wutar caji a can, da wanda zai riƙa yi wa yaron wanka, sannan in sa shi wannan mutumin ya cire faifan ya mayar da shi da hannunsa a gabana har sai ya iya.