Laraba: kukan fanka da igiya mai kusurwa

Yau hadari ya haɗo tun hantsi a nan wajen Ringim, sola ba ta samu rana ba, batir kuwa ya yi ƙasa. Fankar ɗaki na ta wannan kukan da take yi idan an jona ta da ƙaramar inbata mai araha. Shi ya sa na kunna kwamfuta, na buɗe Octave, manhajar lissafi da zane, don in zana siffar wutar da take ci.

Wutar gida a Najeriya 230 bolt ce, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, a siffar igiya mai laushi da ake kira sain; ta inbata mai araha kuwa kusurwa gare ta. Na fara da igiya mai kusurwa huɗu zalla. Na ɗauki ɗigo 12000 a daƙiƙa, wato ɗigo 240 a kowane zagaye: n = 0:2399; t = n/12000; y = sign(sin(2*pi*50*t)). Zagaye goma ke nan cif.

Abubuwa biyu ke ɓata zanen farko. Umarnin plot yana haɗa ɗigo da ɗigo da layi, sai gefen igiyar ya fito a karkace kamar bangon da ruwa ya ci. A yi amfani da stairs. Sannan igiyar tana kwanciya a kan gefen akwatin zane ta ɓace, sai an sa ylim([-1.5 1.5]). Akwai kuma tarkon sifili: sin(pi) a kwamfuta ba sifili yake bayarwa ba, wajen 1.2e-16 ne, don haka sign ya mai da shi 1. Ɗigo ɗaya ne, amma yana karkatar da lissafi. Wanda ke amfani da umarnin square kuma ya lura: manhajar MATLAB tana karɓar faɗin bugu, wato tsawon lokacin da igiyar take sama, a kashi cikin ɗari, 50, manhajar SciPy kuwa 0.5 take so.

Bayan azahar na gina igiyar ta hanyar Fourier: a tara igiyoyin sain na 50, 150, 250, 350 Hz, kowace an raba ta da 1, 3, 5, 7, a ninka jimillar da 4/pi. Ko an tara ɗari, ƙahon da ke fitowa a bakin kusurwa, inda igiyar ke zarce 1, ba ya sauka. Yana tsayawa wajen 1.18, sirancewa kawai yake yi. Masanin lissafi Wilbraham ya gano shi a 1848, amma sunan wani masanin, Gibbs, ne ya bi shi. Ba kuskuren lamba ba ne, kada a ɓata dare ana nemansa.

Inda na daɗe shi ne siffar inbatar kanta, mai mataki uku: sama, sifili, ƙasa. Da farko na sa s = sin(2*pi*50*t), na rubuta sign(s).*(abs(s)>0.5), wanda ya kamata ya ba da bugu mai faɗin digiri 120. Amma ɗigon da ke daidai digiri 30 da 150 yana rawa tsakanin shiga da fita saboda ƙananan lambobin nan. Gara a ƙirga ɗigo kai tsaye: k = mod(n,240); y = (k>=20 & k<100) - (k>=140 & k<220). Ɗigo 80 daidai, kuma 80 cikakken zagaye ne na igiyar 150 Hz. Da na gudanar da fft, umarnin da ke rarraba igiya zuwa igiyoyin sain da ke cikinta, layin 150 ya ɓace gaba ɗaya, na 250 da 350 suka rage.

Idan faɗin bugun digiri 90 ne, kololuwa 325 bolt na ba da 230 a awo, amma 150 Hz tana nan da kashi ɗaya bisa uku na babbar igiya, kamar igiya mai kusurwa zalla. Wannan ragowar ce ke sa injin fanka kuka da zafi. Da digiri 120, kololuwar 282 ta isa.

Kafin magariba batir ya fara ƙarar gargaɗi. Na adana zanen da print -dpng, na kashe kwamfuta, na bar fanka da kukanta.